In Inji Ya Tsaya, Kada Ka Fara Zargin PLC

Yau da kai muke, mai kula da injin masana'anta, ko a Kano kake ko a Maraɗi. In inji ya tsaya cak, kada ka yi saurin taɓa shirin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, wato PLC. Fara duba fitilunta: kore ke ci ko ja? Auna wuta, volt 24 ɗin nan ya cika kuwa? Sau tari waya ce ta saki, ko ƙurar hunturu ta rufe idon sensa. Sannan ka ajiye kwafin shirin a kwamfuta tun yau. Tsohuwar na'ura, in batirinta ya mutu aka ɗauke wuta, shirin ya tafi ke nan, ma'aikata su koma gida hannu rabbana. Sai mako mai zuwa.