Jawabi: Lambar Mota Da Sansanin Masu Dashen Itatuwa

Jawabin wannan wata zai kai mu ƙasar Amurka, inda lambar mota take taimaka wa daji da wuraren tarihi.

A shekarar 1933, Amurka tana cikin matsin tattalin arziki. Masana'antu sun rufe, samari suna zaman kashe wando. Ga zaizayar ƙasa tana cinye gonaki, ga dazuzzuka an sare su. Sai shugaban ƙasar, Franklin Roosevelt, ya kafa wata rundunar aiki da ake kira CCC. Aka ɗebi samari marasa aure, masu shekara 18 zuwa 25, aka kai su sansani a cikin daji. Kowane sansani yana ɗaukar mutum kamar 200.

Aikinsu shi ne dashen itatuwa, da tare zaizayar ƙasa, da kashe gobarar daji, da gina hanyoyi da gadoji. Ana ba su abinci da tufafi da wurin kwana. Albashin wata dala 30 ne. Daga ciki, dala 25 ake aika wa iyaye a gida, saurayi ya riƙe dala 5. Da yamma kuma akwai aji. Fiye da mutum 40,000 suka koyi karatu da rubutu a can.

An rufe shirin a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin nan samari wajen miliyan 3 sun yi aikin, sun dasa itatuwa kusan miliyan dubu 3.

To, ina sansanonin suke yanzu? Da katako aka gina ɗakunan, don haka yawancinsu sun rushe ko an kwashe su. Kaɗan ne suka rage. Ɗaya yana jihar New Hampshire, a gandun dajin Bear Brook. An mai da wani ɗakinsa gidan tarihi, yara suna zuwa su ga yadda kakanninsu suka yi aiki.

Amma kula da daji da tsofaffin gine-gine sai da kuɗi. A nan lambar mota ta shigo. Tun shekarar 2000, jihar take sayar da wata lamba ta musamman mai hoton wata babbar dabbar dajinsu, dangin barewa, mai ƙaho kamar rassan itace. Ba dole ba ne. Mai mota da ya so ta, sai ya ƙara dala 30 kowace shekara a kan kuɗin rajista. Ana kashe kuɗin wajen kiyaye dazuzzuka da ruwa da namun daji, da gyaran wuraren tarihi. Wasu jihohin Amurka ma suna da irin wannan lamba.

Jama'a, a lura da abu guda. Masu dashe sun yi nasu sun wuce, kuma da na baya sun yi sakaci, da aikin ya lalace. Shi ya sa aka nemi hanyar da kowa zai ba da kaɗan, a haɗa ya zama da yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk garin da ya gaji itatuwa ko tsohon gini, ya kamata ya zauna ya tsai da wanda zai kula da su, da inda kuɗin zai fito.

Mu kwana nan, sai wata mai zuwa.