Gidan Haya a Matsayin Jari: Matakan Farko ga Ma'aikaci



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba yadda mai albashi zai fara zuba jari a gidajen zama. Batun ya shafi kowa a wannan zaure, domin ranar da ma'aikaci ya yi ritaya, ranar ce gidan gwamnati yake zama na wani, albashi kuwa ya koma fansho wanda ba ya riƙe iyali. Gidan haya guda yana iya tsare mutuncin dattijo a wannan lokaci, muddin dai an bi matakansa daki-daki.

Mataki na farko shi ne sanin abin da ake saye. A da, Bahaushe kan kira mai unguwa da shaidu, a auna fili, a biya, a yi fatiha, ciniki ya faɗa. Amma tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta gaji ruhin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, dukkan ƙasar jiha amana ce a hannun Gwamna. Watau abin da mutum yake samu izinin zama ne, wanda a filin gida yawanci na shekara 99 ne. A birni Gwamna ke ba da shi, a karkara kuwa ƙaramar hukuma. Haka kuma sayar da wannan izini ko jinginar da shi ba ya inganta sai da amincewar hukumar da ta ba da shi. Idan gwamnati ta karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar ginin da ke kansa take biya, ba kuɗin ƙasar ba.

Saboda haka lalle ne mai saye ya je ma'aikatar ƙasa da safiyo kafin ya biya ko kwabo, ya tabbatar sunan da ke takarda na mai sayarwa ne, kuma filin bai faɗa hanya, ko makabarta, ko magudanar ruwa ba. Idan gidan gado ne, sai dukkan magada sun sa hannu, don kuwa ɗa guda da ke tafiya yana iya dawowa ya rushe cinikin a gaban alƙali. Dillali kuwa la'adarsa yake nema. Idan ya yawaita ambaton sauƙin farashi, to a tuna araha ba ta ado.

Mataki na biyu shi ne wuri. Ɗan haya yana bin ruwa, da hanya, da kusanci da wurin aikinsa. Tarihi ya nuna haka: Sabon Garin Kano ya bunƙasa ne da baƙin da jirgin ƙasa ya kawo, kuma da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991, garuruwan gefe irin su Suleja da Mararaba suka cika da ma'aikata masu neman ɗaki. Mai hangen nesa yakan tambayi ina jama'a suka dosa, sannan ya riga su zuwa.

Mataki na uku shi ne kuɗi. A 1977 aka kafa Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, a 1992 kuma aka buɗe Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ma'aikaci yake zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa a ciki. Wanda yake gudun bashi da ruwa yana da bankunan da ba sa karɓar riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Akwai kuma tsohuwar hanya: adashi ya sayi fili, wani adashin ya kewaye shi, a gina ciki da falo biyu a zuba 'yan haya, kuɗinsu ya ɗora sauran ɗakunan.

Mataki na ƙarshe shi ne lissafi. Alal misali, gidan da ya ci naira miliyan 20, hayarsa miliyan 1 a shekara, sai ya yi shekara 20 kafin ya mayar da uwar kuɗi, ban da gyaran rufi, da yashe shadda, da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Yarjejeniyar haya kuma a rubuta ta, ko da ɗan'uwa ne zai shiga, domin kunyar tambayar kuɗin haya ta sha cinye ribar masu gida.

A taƙaice, mai farawa ya gabatar da takarda a kan bulo, ya zaɓi wuri da idon ɗan haya, ya kuma gina gwargwadon ƙarfinsa. Ɗalibin da ke sauraro yau yana da shekara 35 na aiki a gabansa, kuma sun isa a yi wannan a tsanake.