Tsofaffin Fitilun Tebur na Amurka da Masu Tara Su



Mun san akwai waɗanda suka yi murmushi da suka ga kan maganarmu a allon sanarwa. Fitila dai fitila ce, a kunna ta a yi karatu, a kashe ta a yi barci. To, amma mu 'yan ƙalilan ɗin nan da muka ɗauki tara tsofaffin fitilun tebur na Amurka abin sha'awa, mun tarar cewa wanda ya iya duban fitila ɗaya da idon basira zai karanta tarihin shekara ashirin na wata ƙasa a jikinta. Wannan karatun muke so mu yi tare da ku a daren nan, sa'an nan mu faɗa muku inda muka yi tuntuɓe, don kada wanda ya biyo bayanmu ya faɗi a wurin.

Salon da muke magana a kansa ana kiransa Art Deco. Sunan ya samo asali daga wani babban baje kolin kayan ƙawa da aka yi a birnin Faris a 1925, ko da yake bai zauna a bakin mutane ba sai bayan da wani marubuci ɗan Ingila, Bevis Hillier, ya fitar da littafi a kansa a 1968. Abin mamaki, Amurka ba ta kai kaya wannan baje koli ba. An gayyace ta, amma hukumar ciniki ta ƙasar, wadda Herbert Hoover yake shugabanta a lokacin, ta ga ba su da wata ƙira ta zamani da za su nuna wa duniya, sai dai suka aika 'yan kallo. Wannan kunya ta yi musu amfani. Kafin shekara biyar su cika, manyan kantunan New York sun cika da kayan sabon salo, an kuma gama ginin Chrysler a 1930, na Empire State a 1931. Idan kuka ga fitila mai gindi hawa-hawa kamar matakala, tana tsukewa tana yin sama, to, waɗannan dogayen benaye maƙerinta yake kwaikwayo. Idan kuwa kuka ga dala ko fukafukan rana, wannan guguwar Masar ce da ta taso bayan an buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922.

Ga inda Amurka ta rabu da Faransa. Maƙeran Faransa sun yi wa attajirai aiki, da hauren giwa da tagulla da katako mai tsada, kowane abu ɗai-ɗai da hannu. Su kuwa Amurkawa, ba a jima ba kasuwar hannun jari ta rushe musu a 1929, talauci ya rufe ƙasar, mai sayen abu mai tsada ya yi wuya. Tilas masana'antu suka nemi abin da inji zai buga dubu-dubu, mai araha, wanda kuma zai ja hankalin matar gida ta ciro ɗan abin da ya rage mata. Nan ne aka koma ga alminiyam, da kurom, watau farin shafen nan mai walƙiya irin na bambar tsofaffin motoci, da kuma Bakelite, wata roba mai tauri wadda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, wadda ba ta ɗaukar wutar lantarki kuma tana jure zafi. Ku tuna kuma, a tsakiyar shekarun 1930 wajen gona ɗaya ce cikin goma take da lantarki a Amurka, sai da aka yi dokar kai wuta karkara a 1936 abin ya fara sauyawa. Saboda haka akwai gidaje masu ɗimbin yawa da irin wannan fitila ce ta farko da suka taɓa kunnawa ba tare da kananzir ba.

Sunaye kaɗan sun isa mai farawa. Akwai Walter von Nessen, mutumin Jamus da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya buɗe ɗakin ƙira a New York a 1927. Shi aka fi sani da fitila mai hannu mai gwiwa, wadda ake jawowa kan littafi a kuma ture ta gefe, ƙirar da har yau ake bi. Ya kuma yi wa kamfanin Chase zane, wani kamfanin tagulla na garin Waterbury a jihar Connecticut, wanda tambarinsa rabi mutum ne rabi doki, riƙe da baka. Akwai fitilar ofis ta Polaroid ta 1939, wadda ake dangantawa da Walter Dorwin Teague, gindinta Bakelite, hularta alminiyam, an yi ta don ta rage ƙyallin takarda a idon mai karatu. Ku da kuke kwana kan littafi kun san darajar wannan. Sai kuma Frankart na New York, masu fitilu da siffofin mata 'yan rawa ɗauke da ƙwallon gilashi. Waɗannan suna da farin jini a kasuwar gwanjo, ana kuma yawan yi musu jabu. Mu dai ba su ne zaɓinmu ba, don ba kowane ɗaki ne za su shiga ba a ɗaga gira ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya rufe wannan babi. Daga 1942 gwamnati ta karkatar da ƙarafa zuwa kayan yaƙi. Da aka dawo, ido ya sauya, 'ya'ya suka ɗauki fitilun iyayensu kayan tsofaffi, suka watsar. Abin da aka buga dubu-dubu ya zama sai an tona. Da sha'awar ta farfaɗo a shekarun 1970 da 1980, sai wasu suka shiga sake zuba tsofaffin ƙirar. Masu gaskiya daga cikinsu sun buga sunansu da shekara a jiki, marasa gaskiya kuwa sun bar mai saye da idonsa.

To, yanzu ga namu labarin. Fitilar farko da muka haɗa kuɗi muka saya, mai sayarwa ya rantse mana tagulla ce. Tana da nauyi, launinta ruwan ƙasa mai duhu, da ɗan kore-kore a lunguna. Muka kawo ta ɗaki muna murna, muka ce bari mu fito mata da haskenta. Muka samo man goge ƙarfe da tsumma, muka duƙufa. Ba mu yi minti goma ba sai ga wani fari-fari mai toka-toka yana leƙowa a kafaɗarta. Ashe tutiya ce aka zuba aka shafe ta da launin tagulla, kamar yadda aka yi wa yawancin fitilu masu araha na wancan zamani. Abin da ya fi ƙona mana rai, fitilar tsohuwa ce ta gaske, ƙaryar mai sayarwa a kan ƙarfen kaɗai ta tsaya. Shafen nan da muka kankare shi ne na masana'anta, ya yi shekara da shekaru yana jiran hannunmu. Mai sayarwa ya cuce mu kaɗan, mu muka ƙarasa sauran da tsummanmu, gama a wajen masana, fitila mai shafenta na asali, ko ya dushe, ta fi wadda aka sake wa fenti daraja nesa ba kusa ba.

Da mun san abin da muka sani yanzu, da mun juya ta mun ɗan karci ƙarƙashin gindi inda ido ba ya kai wa: tagulla takan nuna ja-ja ko rawaya, tutiya kuwa fari. Mayen ƙarfe ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu, in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka rufe. Bakelite in aka murza ta da yatsa har ta yi ɗumi takan ba da wani wari kamar na maganin asibiti, robar zamani ba ta yi. A dubi sukurori: masu tsaga ɗaya su ne na da, masu kan gicciye ba su bazu ba sai daga ƙarshen shekarun 1930, saboda haka ganinsu a fitilar da aka ce ta 1928 ce abin tambaya ne. Zubin asali yana da kaifi, ana ganin kowane layi, wanda aka kwafa daga jikin wata fitila kuwa yakan fito a dakushe. Hular gilashi ita ce ta fi saurin fashewa, don haka sau da yawa za ku tarar da gindi na gaske sanye da hular aro. A nemi tambari da lambar rajistar ƙira, amma kada a dogara da su kaɗai, gama mai iya zuba fitila ya iya zuba tambari.

Wuri ɗaya ne muka yarda a taɓa, shi ne waya. Tsohuwar waya mai rigar zare takan bushe ta farfashe daga ciki, jikin fitilar kuwa ƙarfe ne, ba a kuma haɗa masa wayar ƙasa ba. Akwai masu tsaurin ra'ayi da suke cewa a bar kome yadda yake, a ajiye fitilar ba a kunnawa. Mu ba mu tare da su, don ba mu ga amfanin fitilar da ba ta haske ba. A sami ma'aikacin lantarki mai hankali ya sauya wayar, ana samun sabuwa mai rigar zare irin ta da, ya sa wayar ƙasa, tsohuwar kuma a naɗe ta a ajiye tare da fitilar don mai gado. A kuma tuna wutar gidajen Amurka ƙarfinta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 220 zuwa 240, saboda haka ƙwan da ya zo da ita ba zai kai ƙiftawar ido ba a soket ɗinmu.

Waccan fitila tamu mai farin tabo a kafaɗa ba mu sayar ba, ba mu kuma sake mata fenti ba. Ga ta nan a kan teburin shugaba. Wanda yake so, bayan an tashi ya zo ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya juya gindin ya duba, amma don Allah a riƙe hular da hannu biyu.