TUWON SALLA DA LAFIYAR GIDA

Maganarmu ta yau a kan abinci ce, musamman girkin Salla. Da matan gida na ke, amma masu gida ma su kasa kunne, gama su ne masu cefane.

Abin da ya jawo wannan magana wani zama ne da na yi da mata ran awon jarirai. Muna cikin aiki sai hira ta ɓarke a kan abin da kowacce ta fi son dafawa. Wata mutuniyar Zurmi ta ce ita ba ta ga abin da ya kai hoce da ƙuli ba, in ya sami man gyaɗa da yaji. Wata daga Shinkafi ta ce a'a, a ba ta tuwon shinkafa da miyar taushe wadda ta ji kabewa. Wata kuwa ta ce in dai akwai tuwon dawa da miyar sure, to, ita ta yi Salla. Aka yi ta musu ana dariya.

Can sai wata tsohuwa da ta rako jikanta ta sa baki. Ta ce da ƙuruciyarta tuwo ta ke sayarwa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura. Kun dai san tun 1929 hanyar jirgi ta iso Ƙaura Namoda daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau, nan kuwa ta tsaya. Saboda haka garin ya zama matattarar fatake da 'yan dako da masu awon gyaɗa da auduga, kowa kuwa da cikinsa ya ke tafe. Ta ce mini, "Ɗan nan, tuwona bai taɓa kwana ba. Daga wuta sai akushi. Miya kuwa ba na sauke ta daga murhu sai ta ƙare." Na ce mata, "Inna, ashe ke ma aikin lafiya ki ka yi ba ki sani ba."

Ni ma na ba su nawa labarin. Ina saurayi na taɓa tsayawa a wata rumfar abinci a wata tashar mota, yunwa ta ci ni. Aka zubo mini shinkafa da miya, na ji ta da sanyi, na ga ƙudaje a bakin kwano, amma na runtse ido na ci. Kafin dare ya raba ciki ya murɗa, na kwana uku ban iya fita ba. Tsohuwar nan da mai rumfar nan duk shinkafa da miya su ka sani. Bambancinsu ɗaya ne, watau zafi da rufi.

YADDA ABINCI KE ƁACI

Akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Suna cikin ƙura, da ƙafar ƙuda, da hannun da ba a wanke ba, da ɗanyen nama. Wuta tana kashe yawancinsu. Amma in abinci ya huce aka ajiye shi, sai waɗanda su ka faɗa ciki su shiga hayayyafa, ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. A zafi irin na ƙasarmu waɗansu su kan ninka yawansu cikin minti 20 kawai. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, sai dai in yana kan wuta ko cikin firji. Ku lura kuma, abinci ya kan ɗauki cuta tun bai yi tsami ko wari ba. Hanci ba alƙali ba ne a nan.

Shinkafa tana da tata matsala dabam. Akwai wata ƙwayar cuta a jikinta wadda dahuwa ba ta kashewa sarai. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye, ƙwayar nan ta kan zuba wani dafi mai sa amai, ɗumamawa kuwa ba ta kawar da shi. Saboda haka, uwargida, auna shinkafar da za a cinye, ki dafa. In baƙi sun ƙaru, a sake ɗora wata.

ƘARAMAR SALLA

Na san yadda a ke yi. Tun daren jajibere a ke hura wuta, a jiƙa shinkafar waina, a kwaɓa funkaso, a soya kaji, kafin a sauko daga Idi tuwo ya kwantu a malmala. Wannan al'ada ce mai kyau, ba kuwa wanda zai hana ta. Abin da na ke roƙo kaɗan ne. Miyar da aka yi da dare a tafasa ta sosai, a rufe, kada a ƙara sa cokali ko hannu a ciki, da asuba kuma a sake tafasa ta har ta yi ta ɓararraka. Kwanon da za a ba yaro ya kai gidan maƙwabta ko gidan surukai a rufe shi da murfi ko faifai mai tsabta. Wanda aka kawo muku kuwa, in ba za a ci nan take ba, a ɗumama shi har tururi ya fito daga tsakiyarsa kafin a ci. Kada a ba ƙaramin yaro tuwon jiya da sanyinsa.

BABBAR SALLA

A nan nama ne abin lura. Maigida, kada ka sayi dabba mai ciwo don ta yi araha, kada kuma a yi gaggawar yanka wadda ta faɗi ba a san dalili ba. In an feɗe aka ga ƙuraje ko ruwan ƙwai a huhu ko hanta, a binne wannan sashe, kada a jefa wa kare. Kayan ciki su ne ke fara lalacewa, sai a wanke su nesa da rijiya da randa, a dafa su ran nan. Wuƙa da tabarma da kwanon da su ka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa dafaffe. A gidajen da a ke gasa rago ɗungum a jikin wuta, a tsaga cinya da kafaɗa a duba, gama waje ya kan yi ja alhali ciki da sauran jini. Naman da za a ajiye a soya shi ya bushe ƙarau, ko a yi dambu ko kilishi. Mai ɗanshi-ɗanshi shi ke yin funfuna.

RUWA DA NONO

Fura da nono da zoɓo da kunun zaƙi duk da ruwa a ke haɗa su, ba kuwa a mayar da su wuta. In ruwan ba shi da kyau, to, an sha cuta. Ku tuna da shekarar 2021, sa'ad da kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 su ka rasu, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ruwan kogi da na tafki da na buɗaɗɗiyar rijiya a tafasa shi tukuna. Madarar shanu a dafa ta kafin a sha ko a kwantar da ita, gama ɗanyarta ta kan ɗauko tarin fuka da bakkale daga saniya. A wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin girki, da kafin ci. Kada jama'a duka su tsoma hannu cikin kwanon ruwa ɗaya, a zuba wa kowa da buta.

In gudawa ta kama wani, kada a jira. A sami ruwa mai tsabta lita 1, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa, a yi ta ba shi kaɗan-kaɗan. In akwai ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, ya fi. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. In ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko an ga jini, ko gudawar ta zama fara kamar ruwan shinkafa, a ɗauke shi zuwa asibiti ko da tsakar dare ne.

GYAƊA DA WAKE

Gyaɗar da ta yi funfuna tana da wata guba. A 1960 aka gane ta, sa'ad da talotalo wajen 100,000 su ka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da irin wannan gyaɗa. Gubar tana lalata hanta a hankali, suya kuwa ba ta kashe ta. Mai yin ƙuli da mai kunun gyaɗa su tsince baƙaƙe da motsattsu da masu ɗaci su zubar. Wake kuma kada a zuba masa maganin ƙwari na feshi don ajiya. A shanya shi ya bushe, a sa a buhun nan mai leda biyu a ciki, ko jarka mai murfi, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba.

RABON YARA

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. A watan Yuni na 2024 ma'aikatan lafiya tare da ƙungiyar likitoci ta MSF sun auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙasar Shinkafi da Zurmi, aka sami 27 cikin kowane 100 suna fama da tamowa. Mun san dalili, rashin zaman lafiya ya raba mutane da gonakinsu, abinci kuma ya yi tsada. To, amma a gidaje da yawa tsoka ta kan tafi kwanon maigida da na baƙi, a bar wa yaro romo. A gyara wannan. Yaron da ya wuce wata 6 a zuba masa nasa a kwanonsa, a marmasa masa hanta ko tsoka ko ƙwai, a sa masa gyaɗa a kunu da zogale a miya, a zauna kusa da shi har ya ci. Wanda bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Mai ciki da mai shayarwa su ma a fifita su. In kuma za a raba naman layya, a tuna da waɗanda su ka baro ƙauyukansu su ka fake a cikinmu, gama 'ya'yansu ne su ka fi bukata.

Dattawa masu hawan jini kuwa a sassauta musu gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kitse. Daddawa da albasa da citta sun isa su gyara miya.

To, jama'a, ga abin da za ku riƙe: a wanke hannu, a dafa ya dahu, a ci da zafi, a rufe saura, a tafasa ruwa, a fara zuba wa yara. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa. Rigakafi ya fi magani, lafiya kuwa ita ce uwar jiki. Allah ya kai mu Salla lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun sake saduwa a wannan fili. Ku huta lafiya.