Begen Waƙoƙin Ƙuruciya: Taurarin Matasa na Shekarun 1950 da 1960 da Masu Kewarsu



Gabatarwa

Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. In aka ɗauki wannan magana yadda take, to, duk mai begen abin da ya wuce mutum ne wanda yau ta juya wa baya. Amma akwai wani irin bege da karin maganar nan bai cika kama shi ba, watau begen da mutum kan yi wa waƙoƙin da ya ji yana saurayi ko budurwa. Shi wannan yakan kama wanda duniya ta yi wa daɗi kamar yadda yake kama wanda ta wahalar. Laccar nan za ta ɗauki misali guda, watau mutanen Amurka da Turai waɗanda suka tashi tsakanin 1955 da 1965, da mawaƙan da suka ɗauke hankalinsu a lokacin. Yarinyar da ta shekara 15 a 1957 ta cika tamanin a 2022, amma ire-irenta da yawa ba su yarda an taɓa yin waƙa bayan ta zamaninsu ba. Abin tambaya shi ne, ta yaya waƙar da aka shirya don a sayar cikin 'yan watanni a manta da ita ta zauna a zuciya shekara sittin? Daga nan sai a duba abin da begen ke amfanarwa da abin da yake ɓoyewa.

Asalin Nazarin Bege

A Turai likitoci ne suka fara nazarin wannan hali. A 1688 wani ɗalibin likita a jami'ar Basel, Johannes Hofer, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin komawa gida ɗaya mai nufin raɗaɗi, ya ƙirƙiro kalmar nostalgia. Ya ɗauke ta a matsayin cuta da ke kama 'yan Suwizalan da ke zaune a ƙasashen waje, musamman sojojin haya. Tun daga farko kiɗa na cikin maganar, domin Rousseau ya rubuta a ƙamus ɗinsa na kiɗa cewa an hana busa waƙar makiyayan Suwizalan a cikin rundunoninsu, saboda takan sa sojoji kuka ko su gudu gida. Daga baya masanin falsafa Kant ya lura a 1798 cewa irin waɗannan mutane in sun koma garinsu sukan tarar ba abin da suke nema ke nan ba, don kuwa ƙuruciyarsu suke nema, ita ko ba ta nan. Wannan lura ta Kant ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Yadda Aka Ƙera Taurarin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi haihuwa mai yawa a Amurka, kimanin jarirai miliyan 76 tsakanin 1946 da 1964, kuma arziki ya bunƙasa har yaro ɗan makaranta ya sami kuɗin kashewa a aljihunsa. Abubuwa uku suka haɗu da wannan. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifan garmaho mai juyi 45 a minti, waƙa ɗaya a kowane gefe, wanda kuɗinsa bai kai dala ɗaya ba. A 1954 aka fara sayar da 'yar ƙaramar rediyo mai batir wadda ake iya sakawa a aljihu. Kafin nan rediyo babban akwati ce a tsakar falo, maigida ke zaɓen abin da za a ji. Yanzu yarinya na iya shiga ɗakinta ta rufe ƙofa ta ji abin da take so. Sannan a watan Agusta na 1957 shirin talabijin na American Bandstand, wanda Dick Clark ke gabatarwa daga Filadelfiya, ya fara isa duk faɗin ƙasar, yara na dawowa daga makaranta suna kallon tsararsu na rawa.

Lalle tun a shekarun 1940 'yan mata sun yi ta sumewa a gaban Frank Sinatra, amma Elvis Presley ne ya nuna wa 'yan kasuwa girman abin. Ranar 9 ga Satumba 1956, sa'ad da ya fito a shirin Ed Sullivan, kimanin mutum miliyan 60 suka kalle shi, iyaye da malaman coci kuwa hankalinsu ya tashi. Ba a daɗe ba fagen ya zama wayam. Little Richard ya bar kiɗa ya koma wa'azi a 1957, aka ɗauki Elvis soja a 1958, Buddy Holly da Ritchie Valens suka rasu a haɗarin jirgin sama ranar 3 ga Fabrairu 1959. Sai kamfanoni suka cike gurbin da samari masu tsafta da ladabi waɗanda uwa ba za ta ƙi a kawo mata su gida ba: Paul Anka, ɗan Kanada, wanda waƙarsa Diana ta yi tashe a 1957 yana ɗan shekara 16, da Ricky Nelson, da Frankie Avalon, da Fabian. Shi Fabian ma, wani mai kamfanin faifai mai suna Bob Marcucci ne ya gan shi a unguwarsu a Filadelfiya yana ɗan shekara 14, ya ɗauke shi saboda kyan fuskarsa, daga baya aka koya masa waƙa. Yawancin waƙoƙin kuwa a ofisoshin titin Broadway na birnin Niyok ake tsara su, inda marubuta irin su Carole King da Neil Sedaka ke zaune a ƙananan ɗakuna da fiyano suna aiki kamar masaƙa. A 1959 da 1960 majalisar dokokin Amurka ta bincika, ta gano ana ba masu gabatar da shirye-shiryen rediyo cin hanci don su riƙa sa wasu fayafai.

Yayin bai tsaya a Amurka ba. Ingila ta sami Cliff Richard a 1958. Faransa ta sami Johnny Hallyday, wanda a watan Yuni na 1963 kimanin matasa 150,000 suka taru a wani dandali na birnin Faris don jin sa da abokansa. Duk wanda ya duba tarihin nan da idon basira zai ga ciniki ne aka shirya shi da lissafi. Sai dai sanin haka bai rage komai daga ƙaunar masu ƙauna ba. Da Hallyday ya rasu a watan Disamba na 2017, dubban ɗaruruwan mutane, akasarinsu masu furfura, suka cika titunan Faris don rakiyar gawarsa, shugaban ƙasa ya yi jawabi. Gidan Elvis da ke Memfis, wanda aka buɗe wa masu ziyara a 1982, kowace shekara a watan Agusta mutane kan taru a ƙofarsa da kyandir don tunawa da rasuwarsa ta 1977.

Dalilin da Ya Sa Waƙar ke Zama

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa in aka tambayi dattijo ya faɗi abubuwan da yake tunawa a rayuwarsa, mafi yawansu sukan fito ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na haihuwarsa. David Rubin da abokan aikinsa sun bayyana wannan a 1986. A 1989 kuma Morris Holbrook da Robert Schindler suka sa wa mutane masu shekaru daban-daban waƙoƙin da suka yi tashe a zamani daban-daban, suka tarar kowa ya fi son waɗanda suka fito wajejen lokacin da yake ɗan shekara 24. Dalili a fili yake. A waɗannan shekaru ne mutum ke fara soyayya, ya fara barin gidan iyaye, ya fara sanin ko shi wane ne, kuma waƙar da ke tashe ita ke rakiyar duk wannan. Har ila yau, yaron da ya tara kuɗinsa ya sayi faifai ɗaya yakan juya shi sau ɗaruruwa, domin ba shi da wani. Maimaici da motsin zuciya in sun haɗu, abin da suka rubuta ba ya gogewa da sauƙi.

Akwai shaida kusa da gida cewa ba ma'anar kalmomi ke riƙe mutum ba. Tun wajejen ƙarshen shekarun 1950 gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa suke nuna finafinan Indiya, kuma akwai dattawa da yawa da za su rera waƙar Mohammed Rafi ko ta Lata Mangeshkar daga farko har ƙarshe alhali ba su jin Indiyanci. Abin da waƙar ke dawo musu da shi daren silima ne, da abokan da aka tafi tare, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Likitoci ma sun amfana da wannan. An sha ganin tsohon da ciwon mantuwa na Alzheimer ya ci ƙarfinsa har bai gane 'ya'yansa, amma in aka sa masa waƙar samartakarsa sai ya bi ta baiti-baiti. Wani bincike da aka buga a mujallar Brain a 2015 ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe waƙar da aka daɗe da sani suna cikin waɗanda ciwon ke jinkirin lalatawa. Mawaƙi Tony Bennett, wanda iyalinsa suka bayyana yana da wannan ciwo, ya hau dandali a Niyok a watan Agusta na 2021 yana ɗan shekara 95 ya rera tsofaffin waƙoƙinsa. Saboda haka gidajen kula da tsofaffi a ƙasashe da dama suke tambayar iyali waƙoƙin da majiyyaci ya so yana yaro.

Abin da Begen ke Ɓoyewa

Duk da wannan amfani, bege yana da nasa zalunci, kuma mawaƙan ne suka fara ɗanɗana shi. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Da ƙungiyar Beatles ta iso Amurka a watan Fabrairu na 1964, cikin ɗan lokaci kasuwar yawancin waɗancan samari ta mutu, suna da shekara ashirin da 'yan kai. Frankie Lymon, wanda ya yi suna a 1956 yana ɗan shekara 13, muryarsa ta sauya, masu saye suka watse, ya rasu a 1968 yana ɗan shekara 25 ta dalilin miyagun ƙwayoyi. Waɗanda suka rayu kuwa sai suka tarar masoyansu ba su yarda su girma ba. A watan Oktoba na 1971 Ricky Nelson ya fito a wani taron tuna tsofaffin waƙoƙi a Madison Square Garden da dogon gashi da sababbin waƙoƙi, ya ji ihun ƙi daga cikin taron, ya sauka daga dandali. Daga wannan abu ne ya tsara waƙarsa Garden Party ta 1972. Mutanen da suka biya kuɗin shiga sun zo ne su ga yaron 1958, domin in yaron nan na nan yadda yake, to, su ma ba su tsufa ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Masu bege kan kira shekarun 1950 zamanin kwanciyar hankali, amma a kudancin Amurka zamanin wariyar launin fata ne. Kiɗan da aka gina duk wannan ciniki a kansa na baƙaƙen fata ne. Big Mama Thornton ce ta fara fitar da Hound Dog a 1953, shekara uku kafin Elvis. Pat Boone ya sake rera waƙoƙin Fats Domino da Little Richard cikin sanyin murya, gidajen rediyon farare suka fi sa nasa. A watan Afrilu na 1956 wasu farare suka hau dandali a Birmingham ta jihar Alabama suka kai wa Nat King Cole hari yana cikin waƙa. A 1957, shekarar da Diana ke tashe, sai da shugaba Eisenhower ya aika sojoji Little Rock kafin yara baƙaƙe tara su shiga makarantar sakandare. Sa'ad da begen ya zama haja a shekarun 1970, aka yi fim ɗin American Graffiti a 1973, da shirin Happy Days a 1974, da fim ɗin Grease a 1978, kusan ba a ga wannan ɓangare ba. Jama'ar da yaƙin Biyetnam da abin kunyar Watergate suka gajiyar sun nemi wuri mai inuwa, 'yan kasuwa suka gina musu shi, suka share abin da ba a son gani. 'Yan siyasa ma sun gane cewa mutumin da ya yarda jiya ta fi yau ta kowane fanni yana da sauƙin ja.

Kammalawa

A taƙaice, abin da aka gani shi ne cewa an ƙera taurarin nan don riba, amma ƙaunar da aka yi musu ta gaskiya ce, domin mai sauraro ya zuba rayuwarsa a cikin waƙar har ta zama ma'ajiyar ƙuruciyarsa. Dattijuwar da ta ce ba a sake yin mawaƙi kamar Paul Anka ba, shaida take bayarwa game da shekararta ta 15, kuma a kan wannan ba mai ja da ita. Inda ake samun kuskure shi ne in aka ɗauki daɗin da mutum ya ji a matsayin hukunci a kan zamanin gaba ɗaya, ko a kan kiɗan 'yan baya. Waiwaye adon tafiya ne muddin mai waiwayen na duba duk abin da ke bayansa.

Saura kira biyu ga ɗalibai. Na farko, mutanen da suka ga zamanin garmaho da silimar fili suna ƙarewa, a can da nan. Mai nazarin tarihi ko adabi da ya zauna da kakarsa ya tambaye ta waƙar da ta fi so tana budurwa, da inda ta fara jin ta, da wanda suke tare, zai sami labarin da ba ya cikin kundin gwamnati, ya kamata kuma ya ɗauka ya adana. Na biyu, waƙoƙin da ke cikin wayoyin ɗaliban da ke zauren nan a yau su ne za su bi su har tsufa, ko sun so ko sun ƙi, kuma jikokinsu za su yi musu dariya a kai kamar yadda su ke yi wa na gabansu. Wanda ya san haka zai sassauta wa tsofaffi, ya kuma lura da abin da yake zuba wa kunnensa.