Daga "Ci Gaba" Zuwa "Carry On"

Malam Shugaba, iyayenmu malamai, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai.

Maganata a kan ƙannenmu ce, na Kankiya da Kusada, waɗanda Turanci ke tare wa hanya. Kowa ya sani, yaron da bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, komai ƙoƙarinsa a Lissafi.

Ɗaya daga cikin wuraren da suke tuntuɓe shi ne aikatau mai tafiya da 'yar ƙaramar kalma. Ku ɗauki carry. Ma'anarta ɗauka. Amma carry on, ci gaba ke nan. Carry out kuwa, aiwatarwa. Mu da muke aikin gwamnati muna ganin bambancin kullum a cikin fayil: wanda aka rubuta wa carry on, an ce kada ya tsaya, wanda aka rubuta wa carry out, umurni aka ba shi ya zartar. Haka kuma he went on reading, ya ci gaba da karatun da yake yi. He went on to read kuwa, ya gama wani abu ne sannan ya shiga karatu. Keep on, yi ta yi. Keep up with, kada a bar ka a baya.

To, ai mu ma muna da irinsa. Wane Bahaushe ne ya taɓa jin "ci gaba" ya ɗauka abinci ake nufi? Ci bashi, ci amana, ci jarrabawa, duk "ci" ɗaya ne, abokin tafiyarsa ke sauya ma'ana. Yaron da aka fara nuna wa wannan a harshensa, rabin aikin ya ƙare. Saura ya haddace su cikin jimla, ba kalma ɗai-ɗai ba.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu biyu. Mu sayi ƙamus mai misalan jimloli ga kowane aji na babbar sakandare. Sannan masu zama kusa su riƙa ba 'yan ajin ƙarshe awa ɗaya kowace Asabar, da iznin shugaban makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waɗanda suka riga mu, Allah Ya jiƙan su. Allah Ya bar zumunci.