Hausa a Matsayin Tsani: Karatu da Rubutun Ingilishi a Ƙaramar Sakandare



Na san akwai masu mamaki a cikinku, suna cewa me ya kai malamin Hausa ga maganar koyar da Ingilishi. To, bari in fara da abin da idona ya gane mini. Shekarun baya na je wata ƙaramar sakandare duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Na shiga aji biyu, na tarar da shi cike maƙil. Malama ta rubuta wani ɗan labari na Ingilishi a allo, tana karantawa yara suna amsawa da murya ɗaya, gwanin daɗi. Da aka tashi sai na kira wani yaro, na ɗora yatsa a kan jimla ta uku, na ce ya karanta mini. Sai ya faro daga ta farko, domin haddacewa ya yi. Na ɗauki takarda na rubuta masa jimla guda da Hausa, ya yi ta kallonta, ya kasa. Shekararsa takwas ke nan a makarantar boko, amma bai zama mai karatu ba a kowane ɗaya daga harsunan biyu.

Wannan yaro shi ne jigon laccata ta yau. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, Ingilishin ɗan ƙaramar sakandare ba ya tsayuwa sai a kan iya karatu, kuma hanya mafi kusa ta iya karatu ga yaron da ya tashi da Hausa ita ce Hausar nan tasa.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu, sa'an nan a koma Ingilishi. Daga baya aka fayyace cewa a aji huɗu na firamare za a koma. A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a yi shekara shida ta firamare cikin harshen uwa, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya sanar da soke wannan. Duk yadda manufa ta juya, abu ɗaya bai canza ba: ranar da yaro ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, littafin lissafi da na kimiyya da na nazarin zaman jama'a duk da Ingilishi suke. Wanda ya kasa karanta su ya faɗi darasi goma a lokaci guda. A gaba kuma jarrabawar WAEC da ta NECO suna jiransa, ba kiredit a Ingilishi, ba shiga jami'a.

Mu waiwayi tarihinmu kaɗan. A shekarun 1930 yaron Arewa yakan yi elementare da Hausa, ya iya karatu da rubutu da lissafi cikinta, sa'an nan ya shiga Midil ya tasar wa Ingilishi gadan-gadan. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya koyar a Midil ta Bauci, shi ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, shi ne kuma ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 ya yi jawabi da Ingilishin da ake labari har yau. Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya kuma riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, aikin da ke buƙatar harsunan biyu kullum. Gaskiya ne su 'yan kaɗan ne, zaɓaɓɓu, a makarantun kwana. Amma sun isa shaida cewa Hausa ba ta taɓa tare wa Ingilishi hanya ba.

Binciken masana ma ya goyi bayan haka. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, aka koyar da yara shekara shida ta firamare da Yarabanci, Ingilishi yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Da aka auna, yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, kuma sun yi kyau a sauran darussa. A Kanada kuwa, Jim Cummins ya nuna cewa Ingilishin hira daban, Ingilishin littafi daban. Yaro baƙo yana iya kama na hira cikin kimanin shekara biyu, amma na littafi yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Ya kuma nuna cewa abin da yaro ya koya game da karatu a harshensa na farko, kamar haɗa baƙi da wasali, da gane jigon labari, da tsara hujja, yakan ƙetara da shi zuwa harshe na biyu. Wannan kuwa a ƙasar da yaro ke jin Ingilishi a titi ne. Ina ga yaron Gumel ko na Argungu, wanda ba ya jin sa sai a aji?

To, me ya kamata a yi? Zan kawo abubuwa huɗu.

Na farko, a makon farko na aji ɗaya a zauna da kowane yaro, minti biyu ko uku, ya karanta layi kaɗan da Hausa, ya karanta da Ingilishi. Wanda aka ga bai iya haɗa harufa ba a ware masa lokaci a koya masa, kuma a faro da Hausa. Dalili kuwa, rubutun boko na Hausa yana bin furuci sau da ƙafa, in ban da karin sauti da tsawon wasali da ba a nunawa. Ingilishi yana da harufa 26 da ke ɗauke da sauti wajen 44, harafi ɗaya yana iya fita ta hanya uku ko huɗu. Yaron da ya gane sirrin haɗa harufa a harshen da yake ji, rikicin Ingilishi kaɗai ya rage masa. Malami kuma ya san wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe: rarrabe p da f, da baƙaƙe biyu ko uku a jere, waɗanda bakinmu ya saba cusa musu wasali, yadda muka sami burodi da sukudireba.

Na biyu, littattafai, kuma masu yawa. A tsibirin Fiji, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labarai kimanin 250 a kowane aji na wasu makarantun ƙauye, aka keɓe ɗan lokaci kullum don karanta su. Rahotonsu na 1983 ya nuna yaran sun ci gaba a fahimtar karatu kusan ninki biyu na yadda aka saba. Mu ma muna da abin bayarwa: The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, da Chike and the River na Chinua Achebe, da jerin Pacesetters, wanda Mohammed Sule na Kano yake cikin marubutansa. Masu cewa yaranmu ba su son karatu su tuna yadda 'yammata suka riƙa hayar littattafan adabin kasuwar Kano tun daga shekarun 1980, ba wanda ya tilasta musu. Labari ne ya ja su.

Na uku, a zaɓi littafin da ya dace da ƙarfin yaro. Binciken Paul Nation da abokan aikinsa ya nuna mai karatu yana buƙatar sanin wajen kalma 98 cikin 100 kafin ya fahimci rubutu shi kaɗai ba mai taimako. Wanda ya ci karo da baƙuwar kalma a kowane layi ajiye littafin zai yi. Saboda haka a fara da mai sauƙi, a riƙa hawa. Kafin a karanta sabon babi, malami ya ɗauki minti biyar ya tattauna batun da yara da Hausa, ya fitar da muhimman kalmomi biyar ko shida ya bayyana su. Tarar da ake cin yaro a wasu makarantu don ya yi Hausa ba ta ƙara masa kalma ko ɗaya ta Ingilishi. Shiru kawai take koya masa.

Na huɗu, rubutu. Kwafe abin da ke allo ba insha'i ba ne. Yaro ya rubuta nasa kowane mako, ko da layi biyar ne, a kan abin da ya sani: ranar kasuwar garinsu, yadda ake dasa albasa, wasiƙa zuwa ga yayarsa. A bar shi ya tsara tunaninsa da Hausa in yana so, sa'an nan ya rubuta da Ingilishi. Malami kada ya mayar da takardar ja wur da biro. Ya zaɓi kuskure iri ɗaya ko biyu ya gyara, ya sa yaron ya sake rubutawa. A ajin da yara suka yi yawa, su riƙa karanta wa juna bibbiyu kafin su miƙa. Malamin kimiyya da na lissafi su ma aikinsu ne, domin kalmomin darasinsu a wajensu yaro zai koya.

Ya ku ma'aikatan ma'aikatar ilmi, in kun je duba makaranta, bayan rajista da tsarin darasi, ku kira yara uku su karanta muku. In kuna tsara kasafi, ku tuna da akwatin littattafai na kowane aji, wanda kuɗinsa bai kai na ginin katanga ba. Ku kuma ɗalibaina, da yawanku aji zai kira ku bayan hidimar ƙasa. Masu digirin Hausa da masu digirin Ingilishi, ku riƙa zama tare kuna tsara darasi, domin yaro ɗaya kuke raino. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekara ukun nan ta ƙaramar sakandare ita ce ragowar ɗanyantakar da muke da ita.